Mai Tukwane da Harajin Tsallaken Titi

Duk wanda ya tashi a kudancin titin iyaka ya san Ardith Holm. Wanda bai san sunanta ba ya san motarta, wata doguwa ruwan toka wadda bayanta ya kusa shafar ƙasa saboda nauyin tukwane. Idan ta sha kwana, murafai ne za su fara yi maka sallama kafin ka hango direbar. Doguwar mace ce, ƙashi ya fi tsoka yawa, ga murya wadda ba ta san raɗa ba. Ko a coci, in ta ce amin sai fasto ya ɗan dakata ya nemo inda ya tsaya.

A gonar tuffa aka haife ta, a jihar Oregon, ɗan taƙi kaɗan daga inda jihar Washington ta fara. Kwalta ce siririya ta raba jihohin biyu, kaza ma takan tsallaka ta dawo ba ta san ta yi bulaguro ba. Amma kada ka kuskura ka ce wa mutanen nan duk ɗaya ne. Mu na kudu ba mu san harajin saye ba. Kuɗin da aka manna a jikin kaya shi za ka miƙa, ka ɗauki kayanka ka kama gabanka. Na arewa kuwa, bayin Allah, ko allura suka saya sai an ɗora musu wani abu a kai. Su kuma gorin da suke yi mana shi ne wai jiharsu ba ta taɓa musu albashi, mu kuwa tamu takan yanki rabonta tun kuɗin bai ji ɗumin hannu ba. Wannan tsiya ana yin ta a wajen biki, ana yin ta a wajen makoki, kuma har gobe ba wanda ya sauka.

Mahaifin Ardith ya tsani harajin saye fiye da yadda ya tsani tsutsar tuffa. Duk lokacin da 'yan siyasa suka sake kawo maganar a jefa mata ƙuri'a, yakan sa rigar cocinsa ya je ya ce a'a, ya dawo yana fito. Ita kuma tun tana goye da jakar makaranta ya dasa mata abu ɗaya a ka: in aka ce ki biya fiye da abin da aka rubuta, ajiye musu kayansu ki fito. Ta riƙe maganar nan gam, har ta tsufa da ita.

Ta auri Orval, makanikin taraktoci, mutum mai sanyi wanda zai yini bai ce uffan ba, sannan ya jefo magana guda ya koma ƙarƙashin inji. Ta yi shekaru a siton da ake tantance tuffa ana zubawa a kwali, har ranar da aka rufe shi aka sallami kowa. Wasu suka zauna zaman kuka. Ardith ta shiga tallan wani kamfani mai yin tukwane da kwanonin ajiye abinci, irin tallan da ba shago ba albashi, ke ce uwar ɗakin kanki. Za ki samu matar da za ta buɗe miki falonta ta gayyato ƙawayenta, a dafa kofi a yanka kek, ke kuma ki yi girki a gabansu da tukwanen, wadda abin ya yi mata ta saya. Uwar taron kuma ta samu tukuicinta.

Sauran masu tallan littafin hotuna suke yawo da shi. Mace ta nuna abin da take so, kamfani ya aika mata har gida, kuma kamfanin ne ke ji da maganar haraji, ya ɗora wa na arewa nasu, ya bar na kudu. Ardith ta ce ba da ita ba.

"Wa ke zaɓen tukunya a hoto? Miji ne?" in ji ta. "Tukunya sai an ɗaga an ji nauyinta, an ƙwanƙwasa gindinta."

Saboda haka sai ta riƙa sayen kayan da kuɗinta, a sauke mata su a ƙofar gidanta, ta loda a mota, ta sayar hannu da hannu. A ganinta lissafin a fili yake: ita 'yar Oregon, motarta lambar Oregon, tukwanen a Oregon suka kwana. To ina ruwan tukunyar Oregon da harajin wasu? Kuma duk wanda ya tashi a gefenmu haka zai ɗauka. Ba cuta ba ce, abin ne ba ya zuwa mana a rai sam.

Taronta mafi girma a tsallake yake, a gidan Nelda Baroni, a bayan garin Walla Walla. Nelda gajeriya ce, jikar manoman albasa. Su albasarsu zaƙi gare ta, yajin duk a bakin Nelda ya tare. Ita da Ardith kafaɗa da kafaɗa suka tsaya a siton tuffa tun suna 'yan mata, kuma tun ranar farko ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, shi ya sa ba su rabu ba. Ita ce ta fara buɗe wa Ardith falo lokacin da ba wanda ya san ta da talla. Kowace Alhamis da hantsi mata suna cika gidan. Kada ka tambaye ni wace mace ce ke buƙatar sabuwar tukunya duk mako. Wata murfi za ta saya, wata cokali, wata ma ludayin da ta saya bara za ta sake saya. Hira ce ke kawo su, da burodin kirfar Nelda.

Mijin Nelda ya rasu, ɗanta tilo Renzo yana can birnin Seattle, ɗaya ƙarshen jiharsu, yana aiki. Sai kuma ciwo ya buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ta koma kan keken guragu, maganarta ta yi nauyi. Kowa ya ce to, taro ya ƙare. Nelda ta ce wanda ya faɗa ya yi ƙarya. Ta ci gaba da kwaɓa fulawa da hannu ɗaya. Saboda taron, ƙafa ba ta ɗaukewa a gidan duk mako: wannan ta kawo ƙwai, waccan ta zo jera kujeru, wata ta dawo da faranti ta zauna gulma. Ba wadda ta taɓa cewa dubiya ta zo. Hidimar taro ce, kuma Nelda ce mai ba da umarni.

Haka aka yi shekara da shekaru, har wata kaka da Ardith ta ce bari ta kama rumfa a baje kolin amfanin gona na Walla Walla. Ta jera tukwane suna ƙyalli, tana soya albasa ƙamshi na janyo mutane. Cikin masu tsayawa har da wata budurwa mai tabarau da kati rataye a wuya. Ta jira aka gama ciniki da wata tsohuwa, ta ga an miƙa kuɗi daidai abin da ke jikin tukunya, sannan ta matso.

"Sannu da aiki, Mama. Daga ofishin haraji na jiha nake. Ko zan ga lambar rajistarki?"

Ardith ta nuna mata motar. "Ga ta can gaba da baya, je ki karanta."

"Ba ta mota ba, Mama. Ta karɓar harajin saye."

"Yo ni me ya haɗa ni da shi? 'Yar Oregon ce ni, 'yar nan. Ki tambayi kowa."

Yarinyar ba ta ɗaga murya ba, kuma a gaskiya ba ta yi rashin kunya ba. Ta ce harajin ba ya tambayar inda aka haifi mai talla, ko inda tukunya ta kwana. Inda kaya ya bar hannun mai sayarwa ya shiga hannun mai saye, nan ake dubawa. In a ƙasar Washington aka miƙa, to dole mai sayarwa ta yi rajista, ta karɓi harajin daga mai saye, ta tara, ta kai wa jiha.

"Tsaya, tsaya," in ji Ardith, ta sauke kasko daga wuta. "Wato ni zan karɓa? Ni Ardith? In bi mata gida-gida ina tara wa gwamnanku kuɗi? Nawa ne albashin?"

"Babu albashi, Mama. Doka ce."

"Tirƙashi! Aikin gayya ke nan, ko kofi babu."

Mutane suka yi dariya, yarinyar ma ta murmusa. Sai ta tambaya ko yau ne Mama ta fara sayarwa a wannan gefen. A nan ne mai wayo zai yi tari ya canza magana. Ardith kuwa ba ta iya ƙarya ba, kuma alfahari ba zai bar ta ba. Ta dafa ƙugu ta ce ai tun yarinyar tana rarrafe take sayar da tukwane a Walla Walla, kowace Alhamis, ba fashi. Yarinyar ta runtse ido, sai ka ce ita aka kama.

Kafin su rabu Ardith ta yi tambaya ɗaya. In matan ne suka tsallako Oregon da ƙafarsu suka karɓi kayan a can fa? Yarinyar ta ce to wannan ba ruwan mai talla, ya zama tsakanin masu sayen da jiharsu. Ardith ta ce madalla, ta mayar da kasko kan wuta.

Harajin shekarun baya dai sai da ta biya, kuma ya yi mata ciwo, don kuɗin sabon rufin gida ne ya tafi. Orval ya ce a nemi lauya, ta ce ba ta so a ce ta ci haƙƙin wani, ko da gwamnati ce. Ta sa hannu a caki har alƙalami ya kusa huda takardar, ta ce, "Sun ci na jiya. Amma in na sake miƙa wa mutum ko cokalin shayi a ƙasar Washington, a canza min suna."

"Wane sunan kike so?" in ji Orval daga bayan jarida.

"Kai tsohon nan, ka kiyaye ni yau."

A bakin titin iyaka, ta gefenmu, akwai wata tsohuwar rumfar masu kankana da aka daina amfani da ita. Ardith ta kama haya, ta share, Orval ya kafa mata murhun gas da benci. Ta sa shi ya auna ya tabbatar ko ƙafar tebur ɗaya ba ta leƙa Washington ba. Sannan ta buga wa matan waya: daga yanzu Alhamis a rumfa ne.

Kai, abin ya yi armashi! Mata suka riƙa ajiye motoci a gefensu suna tsallako kwalta suna rangaji, wata ma ta tsaya a tsakiyar titi ta ce ƙafarta ɗaya na biyan haraji, ɗaya ba ta biya. Labari ya bazu, har waɗanda ba su taɓa zuwa gidan Nelda ba suka zo ganin matar da ta gagari gwamnati. Ciniki ya ninka. Ardith takan tsaya a bakin rumfa da ludayi a hannu, ta fuskanci arewa ta ɗaga murya: "Ku zo ku karɓa a nan in kun isa!" Babu kowa a can sai gonar alkama, amma tana jin daɗin faɗa.

Nelda ce kaɗai ba ta zo ba. Ardith ta je har gida, ta ce za ta turo mota, Orval zai ɗora ta ya sauke ta, an ma yi wa rumfar gangara saboda kekenta.

"Ya ɗora ni ya sauke ni," in ji Nelda, tana jan maganar a hankali yadda ciwon ya bar ta. "Buhun albasa kika samu?"

"Haba Nelda, ba nisa fa."

"In je in yi me? In zauna a lungu a miƙo min kek ɗin kanti, ana sannu Nelda, ya jiki Nelda? Ni uwar taro ce. A gidana nake cewa ke zauna nan, ke tashi can. A rumfarki wace ce ni?"

"To so kike in zama 'yar karɓar harajin gwamnanku?"

"Tun ina sayen alewa nake biyan harajin nan, kin ga ya kashe ni? Ku 'yan kudu, ko fetur ba ku iya zuba wa motarku ba sai an zuba muku, amma baki kamar me."

"Gara mu. Ku da ake tatsa kuna godiya."

Aka rabu baram-baram. Ardith ta ce a ranta Nelda za ta huce. Ran Lahadi bayan coci ta dafa miyar kaza ta kai mata. Nelda ta dubi kwanon, ta dubi Ardith.

"Nawa ne?"

"Wane irin nawa? Kawo miki na yi."

"Wato dubiya kika zo. Ɗauki abinki. Ranar da na kwanta mutuwa za a aiko miki, ki zo da miyarki."

Ardith ta fito ta shiga mota ta yi kuka, abin da ba ta yi ba ko ranar da aka rufe sito. Kukan haushi ne, da kuma sanin cewa akwai gaskiya a maganar Nelda. Amma ta riga ta rantse a gaban miji, kuma duk gari ya ji ta. Ta share ido ta ce Nelda ce za ta fara saukowa.

Sauran matan ba mugaye ba ne, da farko suna leƙawa. Amma babu ƙwan da za a kai, babu kujerun da za a jera, kuma duk wadda ta shiga da fuskar tausayi Nelda takan wanke ta tas ta koro ta. A hankali ƙafa ta ɗauke. Sanyi ya shigo, aka zagaye rumfar da leda mai kauri aka kunna hita, ciniki ya ci gaba.

Wata rana Ardith ta shiga babban kantin kayan gini na gefenmu, sai ta yi kiciɓis da Renzo yana tura amalanke cike da kwalaye a ninke. Ta san shi tun yana jariri.

"A'a! Ɗan Seattle! An tsallako sayayya inda ba haraji ko? Duk haka kuke, ku zage mu da baki ku zo mana da aljihu. Kwalayen me?"

Bai yi dariya ba. Ya ce kayan mahaifiyarsa zai haɗa. Ya samar mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da shi, ƙarshen wata za su tafi, gidan kuma a sa shi a kasuwa.

"Ka yi me? Nelda? A gidan tsofaffi? Kai yaron nan, da hankalinka kuwa? Za ka kwashe ta ka kai ta inda ba wanda ya san sunan ubanka? Ta yarda?"

"Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abin da ya tsorata ni ke nan, Inna Ardith. Kin taɓa jin Mama ta yi shiru?" Ya gyara kwalayen. "Ta faɗi a kicin makon jiya. Tun safe take ƙasa, sai da la'asar mai kawo wasiƙu ya ji muryarta. Da a da ne, da tuni wata ta shigo ta gan ta. Ta daina kwaɓa fulawa. Da rigar barci take yini."

Ardith ta buɗe baki za ta ci gaba da faɗa. Renzo ya riga ta, a hankali, ba da tsiwa ba.

"Ba ni na kwashe mata mutane ba, Inna."

Ya tura amalankensa ya wuce, ya bar ta tsaye tsakanin fenti da ƙusoshi. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. To Ardith ba ta iya zama da kunya ba, nan da nan takan juye mata ta zama fushi, sai ta nemo wanda za ta yi faɗa da shi. Ta koma gida ta sako kwat ɗinta mai kyau, ta tarar da Orval yana wanke hannu.

"Ina zuwa?"

"Ofishin haraji. Na tsallake."

Orval ya goge hannunsa tsaf, yatsa bayan yatsa. "To da wane suna za mu riƙa kiran ki?"

"Kira ni duk abin da ka ga dama. Ba za su kai min Nelda Seattle ba."

Ta samu yarinyar mai tabarau a bayan kanta. Yarinyar ta gane ta, ta miƙe tsaye.

"Zauna, 'yar nan. Ba ni lambar. Amma ki rubuta a wani wuri cewa ban yarda ba. Ban yarda jiya ba, ban yarda yau ba, kuma ranar da aka kawo abin nan Oregon zan fito, ko da sanda nake tafiya. Ba tsoronku ya kawo ni ba. Rumfata tana nan, cinikina ya fi na da. Ƙawata na zo karɓa."

Yarinyar ta ce babu gurbin rubuta hakan. Ardith ta ce to ta riƙe a ka. Aka yi abin da za a yi, aka nuna mata abin da ake ɗorawa a kan kowace dala da lokacin da za ta riƙa aikowa. Kafin ta tafi ta tambaya ko doka ta ce lallai hannunta ne zai taɓa kuɗin. Yarinyar ta yi tunani, ta ce doka dai ta ce a karɓa, a nuna shi daban a rasit, a kawo, kuma in aka samu giɓi Ardith za a nema. Wanda ya miƙa hannu ya karɓa a falo, wannan ba ruwansu.

Ba ta gaya wa Nelda ba. Matan ta buga wa waya, kuma ba roƙo ta yi ba: Alhamis, gidan Nelda, wadda ba ta zo ba kada ta sake gaishe ta a hanya.

Renzo ne ya buɗe ƙofa ran Alhamis, ya ga Ardith rungume da tukwane, bayanta mata har bakin titi, wata da ƙwai, wata da fulawa. Falon duk kwalaye ne a buɗe, an sauke hotunan bango. Nelda tana bakin taga cikin rigar barci, gashinta ba a taje ba. Ta rame. Zuciyar Ardith ta karye, amma ta san in ta bari ya nuna a fuskarta, an gama.

"Ke Nelda, wannan wane irin sakarci ne? Alhamis guda, baƙi a ƙofa, ko kofi ba ki ɗora ba?"

Nelda ta juyo ta dube ta. "Dubiya kuka zo?"

"Dubiyar me? Talla na zo. Ga lambar gwamnanku a jakata, in kina so ki sumbace ta."

Gefen bakin Nelda mai lafiya ya motsa. Ta juya keken da hannu ɗaya, ta dubi matan da suka yi cirko-cirko, sai ga muryar ta dawo, da nauyinta da komai.

"To me kuka tsaya kallo? Ke, kujerun suna bayan ƙofa. Ke kuma ba a nan ake ajiye ƙwai ba, sau nawa zan faɗa? Wata ta miƙo min matajina. Renzo, kwashe min tarkacen nan daga hanya."

"Bar su," in ji Ardith. "Dama ba mu da abin zuba wa masu saye kaya."

Renzo ya fara cewa, "Inna, kwalayen nan fa na..." amma ba wadda ta saurare shi.

Aka yi girki, gidan ya ɗauki ƙamshi da hayaniya. Da aka zo ciniki, wata ta ɗauki ƙaramar tukunya ta tambayi kuɗinta. Ardith ta faɗi abin da ke rubuce a jiki, ta karɓa. Sai falon ya yi tsit, kowa na jira ya ji yadda sauran maganar zai fito daga wannan bakin. Ardith ta zaro wani kwano mai murfi daga kayan tallanta, ta dangwara shi a cinyar Nelda.

"Ni kuɗin tukunyata na sani. Na gwamnanku kuwa, ga 'yar jiharku nan, ku ji da ita. Ke Nelda, ki karɓa, ki rubuta, ki ajiye. In ya ɓata ni za a kama, saboda haka ki buɗe ido. Duk Alhamis ne, ba hutu, ba albashi."

Nelda ta jawo kwanon jikinta. "Ku yi layi," ta ce.

Suka yi layi kuwa, tun daga kekenta har cikin kicin, kowace da kwalinta a hammata. Ardith ta dubi Renzo da ke tsaye jikin bango, ta ce ba a zuwa taronta a tashi hannu rabbana, ta danƙa masa kasko. Ya biya, don ba yadda zai yi, ya shiga layi cikin mata. Da ya iso gaban mahaifiyarsa sai ya durƙusa daidai kunnenta.

"Mama, mutanen can suna jiran amsa. Me zan ce musu game da ɗakin?"

Nelda ta miƙa masa tafin hannunta mai lafiya. Ya ciro canji ya zuba mata, ta duba da kyau, ta jefa a kwano, ta mayar da murfi.

"Ka ce su ba wani," ta ce. "Matsa, akwai mutane a bayanka."